Jingar da Gafiya Ba Ta Haƙa

Wolfersbrunn, 12 ga Maris, 2012

Yaya Morand,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da gwiwar nan taka da ba ta shiri da sanyi. Sau huɗu ina kiranka a waya, sau huɗu kana ce min "Eh? Wa ke nan?" sai ka kife. To ga takarda, ita dai ba ta bukatar kunne.

Yaya, an kafa mana allo a bakin rafi. Jan rubutu ɓaro-ɓaro: kada a kama kifi, kada a shayar da dabba, kada yara su shiga. Rafin nan fa da muka tashi muna iyo a ciki! Wai tun bara ma'aikatan gwamnati suka ɗebi ruwan a kwalabe suka kai gwaji, suka sami wani maganin ƙwari da ake kira lindan. Na ce musu yaushe rabon da wani ya fesa irin wannan abu a kwarin nan? Wata ma'aikaciya a cikinsu, Madam Kieffer, siririya mai tabarau, ta ce ba fesawa aka yi ba. Tukar da ke ragewa ce bayan an haɗa maganin, kuma ba ta ruɓewa. Shekara arba'in a wurinta kamar jiya ne.

Ka san inda suka nuna da yatsa? Hanyar gona da ta bi gefen rafi ta gangaro wajen tafkinmu. Hanyar da Baba yake jan baƙi su je su gani, yana cewa duk faɗin kwarin nan babu irinta, ba ta taɓo, ba ta ciyawa. Ashe farin garin nan da kamfanin haɗa maganin da ke bakin iyaka ya riƙa raba wa ƙauyuka kyauta don cike hanya, shi ne dafin. Duk ruwan saman da ya sauka a kanta rafi yake nufa, rafin kuma sai ya shiga tafkina kafin ya wuce. Ka ga inda nake ke nan.

Tun daga ranar nake yawon ofis-ofis. Mutanen ofishin ruwa sun ce aikin mutanen muhalli ne. Mutanen muhalli sun ce hanyar ta ƙauye ce, in je in ga magajin gari. Magajin gari ya zuba min kofi, ya ce kamfanin ya mutu tun shi yana rarrafe, wa zai kai ƙara? Na shanye kofin don kada a yi asara biyu, na fito raina a ɓace.

Ranar Lahadi tebur uku kacal aka zauna a gidan abincina. Mutanen Basel da ke cika min gida saboda soyayyen kifin karp duk sun karanta jarida. Har Seppi maƙwabcinmu, da ya shekara talatin yana tsotse ƙayar kifina, ya shigo ya gyara zama ya ce a soya masa ƙwai. Ƙwai, Yaya! A gidan kifi!

Ga dalilin da na ɗauki biro. Madam Kieffer tana son ta san lodi nawa aka kawo, da inda aka juye kowanne. Ni lokacin ina makarantar kwana wurin sistoci, ban san hawa ba ban san sauka ba. Kai ka tuƙa motar da ta kawo garin. Baba ya rasu, tsofaffin da suka yi aikin duk sun bi shi, saura kai. Ka zauna ka tuna, ka rubuto min. In aka kwashe abin da wuri, zan iya buɗe tafki a yi su a watan Nuwamba kamar kowace shekara, in ba haka ba ban san abin da zan sa a kasko ba.

Ɗiyata Maud tana gaida kawunta. Ciki ya fito sosai, haihuwa sai Yuni.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Leonie

Dunkerque, 2 ga Afrilu, 2012

Zuwa ga ƙanwata Leonie,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da Maud da maigidanta. Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu. Gwiwa da sauƙi. Kunne kuwa sai haƙuri.

Na yi baƙin cikin jin labarin allon. Sai dai ki sani ba gidanmu kaɗai ya karɓi garin nan ba. Ƙauyuka biyar ne suka yi layi a ƙofar kamfanin, har takardar godiya aka rubuta musu. Babu wanda ya ce mana dafi ne. Wari dai yana da shi, irin na ɗakin da ya yi funfuna, to siminti ma ai yana da nasa.

Game da tambayarki, shekara arba'in ba kwana arba'in ba ne. Abin da zan iya cewa shi ne an zuba a hanya, daga gada zuwa gicciyen dutse. Ki gaya musu haka. Su kwashe hanyar, sai a ga abin da hali zai yi.

Shawara ɗaya. Kada ki cika surutu a gabansu, don na san bakinki. Abin da aka tambaye ki shi za ki amsa, sauran a bar kaza cikin gashinta.

Allah ya sauki Maud lafiya.

Yayanki,
Morand

Wolfersbrunn, 20 ga Yuli, 2012

Yaya Morand,

Ina gaisuwa, da fatan zafin bana ya yi wa gwiwa daɗi. Albishirinka, Maud ta sauka ranar sha tara ga Yuni, mace, an sa mata Noemie. Hancin gidanmu ta ɗauko, Allah sarki. Za a yi mata baftisma ƙarshen Agusta, kuma ba na son jin wani uzuri.

Daɗin labarin ke nan, sauran kuwa ka gyara zama.

Sun zo sun kwashe hanyar. Mako uku ana yi. Mutane cikin fararen kaya har fuska, kamar masu ɗibar zuma, manyan motoci a lulluɓe suna fita ɗaya bayan ɗaya. Warin kuwa, kai! Har cikin labulen ɗakin cin abinci. Ban yi ƙorafi ba. Kullum da safe ina kai musu kofi da burodi, ina cewa a raina wahala ta kusa ƙarewa. Har na sa an sake fentin allon ƙofa.

Shekaranjiya Madam Kieffer ta zo da sabon sakamako. Ta shimfiɗa takardar a kan teburin kicin, ta ce, "Madam, sama da tafkinki abin ya ragu ƙwarai. Ƙasa da tafkinki bai motsa ba, in an yi ruwan sama ma ƙaruwa yake yi. Ruwan da ke shiga ya fi wanda ke fita tsabta."

Na ce, "To me kike nufi? Ni nake barbaɗa shi kamar gishiri?"

Ta ce ba ta ce ba. Amma an hana ni sayar da ko wutsiyar kifi daga tafkin, kuma babu batun buɗe ruwa a Nuwamba, don lakar ƙasan za ta gangara makiyayar Seppi. Na ce har yaushe? Ta ce har a gano inda abin yake fitowa. Na ce wa zai gano? Ta cire tabarau tana gogewa. Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza, amma ba a kicin ɗina ya yi tsamin ba.

Jiya aka yi taron ƙauye a zauren makaranta. Da ka ga Seppi! Ya miƙe yana gyara wando, ya ce, "Wata huɗu ke nan shanuna suna shan ruwan famfo kamar 'yan birni, saura su ce in sa musu ƙanƙara. Ku tambayi Leonie mana. Tafkin gidansu ai na waliyyai ne. Duk mai tafki a kwarin nan gafiyar ruwa ta huda masa jinga, wani sau uku ma, amma tasu ko yaƙushi babu."

Aka bushe da dariya. Na miƙe na ce, "Seppi, gafiya ma ta san jingar da namiji ya gina da wadda malalaci ya tara." Dariyar ta koma kansa, ya zauna yana muzurai. Na ci nasara a zaure, amma da na dawo gida ban ji daɗin nasarar ba. Mutanen da na yi wa girkin aurensu, na yi na jana'izar iyayensu, yau su ke kallona ta wutsiyar ido.

Don Allah, Yaya, ka sake tunani. Ko kun taɓa wanke motar a bakin tafki? Ko wani lodi ya zube a kusa? Kome ƙanƙantarsa ka faɗa min. Na gaji da cewa ban sani ba, har na fara jin kamar ƙarya nake yi.

A gaida teku.

Ƙanwarka,
Leonie

Dunkerque, 9 ga Agusta, 2012

Zuwa ga ƙanwata Leonie,

Bayan gaisuwa. Barka da arziki, Allah ya raya Noemie, ya ba uwar lafiyar shayarwa. Na aika ɗan bargo ta gidan waya. Batun baftisma, likita bai yarda in yi doguwar tafiya a jirgin ƙasa ba. Ki ba Maud haƙuri.

Na karanta bayanin sakamakon. A ganina lakar tafkin ce. Ta shekara arba'in tana shan abin da rafi ke kawowa, yanzu tana amayarwa. Sannu a hankali zai ragu. Seppi kuwa kada ki kula shi, tun zamanin ubansa suke jin haushin tafkin nan.

Zan faɗa miki abin da ba za ki so ba. Shekararki hamsin da biyar, ƙafafunki sun gaji da tsayuwa gaban kasko. Me zai hana ki rufe gidan abincin, ki bar tafkin yadda yake, ki zo nan ki huta? Akwai ɗaki, tagarsa tana kallon ruwa. Tafki ba uwa ba ne, ba uba ba. In kika daina kai musu takarda, su ma za su gaji su bar ki.

Allah ya ba mu haƙuri.

Yayanki,
Morand

Wolfersbrunn, 3 ga Satumba, 2012

Yaya Morand,

Ina gaisuwa, don Mama ta koya mana gaisuwa ko da rai a ɓace. Bargo ya iso, an gode.

In rufe? Haba Yaya! Na yi maka tambaya, ka ba ni ɗaki mai taga. Kai fa da bakinka, ranar da muka dawo daga binne Baba, ka ce ka bar min rabonka na tafkin, in riƙe shi da kyau. Na yi kuka na rungume ka, har yau ba na gajiya da ba mutane labarin. Da kifin nan na raini Maud bayan ubanta ya tattara ya bar mu. Da shi na rufa wa kaina asiri ban taɓa miƙa hannu ga kowa ba. Yanzu ka ce in ja ƙofa in zo in zauna ina kallon jiragen ruwa da kai, ina maka ihu a kunne? Tir!

Maganarka ta laka ma ba ta ci ba. Sun ɗeba sun gwada. Akwai a ciki, amma Madam Kieffer ta ce bai kai ya haifar da abin da suke gani a ƙasa ba. Tana son a kawo injin da zai huda ƙasa a wurare ashirin a duba, amma wai sai an zauna, sai an sa hannu, sai shekara mai zuwa in Allah ya kai mu. Yarinyar nan ba ta da laifi, na ga idonta ya yi ja ranar da take gaya min. Takardata tana can tana tafiya daga tebur zuwa tebur, kifina kuma suna nan suna ƙiba, har gogayya suke yi in na zuba hatsi.

To ni ban naɗe hannu ba. Ka tuna kwamin siminti na bayan gida, wanda idon ruwa ke zuba a ciki? Ka tuna yadda Mama take yi? A kamo karp a sake shi a kwamin kwana goma ba abinci, ruwa mai sanyi yana wucewa ta kansa, ya amayar da duk ƙarnin laka. Kowane gida a kwarin nan haka yake yi tun kaka da kakanni. An gwada idon ruwan nan, tas yake. Sai na ce in kwana goma na fitar da laka, bari in mai da shi ashirin. Yaya, da ka ga naman! Fari fat, ba ƙarni, ba wari, ya fi na da daɗi.

Ban sayar ba, doka doka ce. Amma a gida muna ci. Ranar baftisma mutum ashirin da biyu suka ci, har da fadan coci, babu wanda ko cikinsa ya murɗa. Maud kuwa tun da ta haihu jikinta ba ƙarfi, nono yana mata ƙaranci. Duk Talata da Juma'a nake soya mata, in zaɓar mata wajen cikin nan mai kitse da Mama ke cewa shi ke kawo nono. Ya kuwa kawo. Noemie ta yi kumatu, sai ka rantse wata biyar gare ta.

Mako mai zuwa zan soya ɗaya in ajiye a gaban Madam Kieffer, ta shinshina da hancinta. Masu takarda ba su san komai a kan kifi ba. Kai kuma in ba ka da amsa, ka daina ba ni shawara.

Sai na ji daga gare ka.

Ƙanwarka,
Leonie

Dunkerque, 6 ga Satumba, 2012

Leonie,

Ina gaishe ki. Ki daina ba Maud kifin nan. Yau, ba gobe ba. Na buga miki waya sau uku ina faɗar haka da ƙarfi, ban san ko ke kika ɗauka ba, ban san ko kin ji ba.

Kwami yana fitar da laka, ba ya fitar da wannan. Wannan a kitse yake zama. Ko shekara kifin ya yi a idon ruwa yana nan a jikinsa. Ba ya murɗa ciki, ba ya ba da ɗanɗano, taruwa yake yi a jikin mutum, kuma mace mai shayarwa ta nono take fitar da shi. Na san haka don na tambayi likita tun shekara goma sha takwas da suka wuce. Za ki ce me ya kai direban babbar mota wurin likita da irin wannan tambaya. To ki zauna.

Jingar ce, Leonie.

Shekara ɗaya bayan an gyara hanya, gafiyar ruwa ta huda jingar tafki, ruwa ya ɓalle, rabin kifin ya tafi. Kina makaranta, an ɓoye miki. Baba ya kwana uku yana zagayen tafkin. Rana ta huɗu ya ja ni kan hanyar, ya buga ta da dunduniya, ya ce, "Ka taɓa ganin ko tururuwa ta yi rami a nan?" Ya aike ni kamfanin. Lodi goma sha ɗaya na kawo. Muka tsaga tsakiyar jingar daga bakin mashigar ruwa har gindin babban icen nan, muka cika da farin gari, muka rufe da yumɓu, muka dasa ciyawa a kai. Ni da shi kaɗai. Ya yi murna da dabararsa, ni ma na yi. Seppi ya faɗi gaskiya a taron, bai dai san gaskiyar da ya faɗa ba.

Lokacin ciwon ajalinsa jaridu sun fara maganar garin nan. Ya gane. Ya riƙe hannuna ya ce in an sani za a rushe tafkin, ke kuma ba ki da kowa ba ki da komai sai shi. Ya sa na yi alkawari. Na ce a raina yumɓu ya rufe shi, ba zai fito ba. Na yi ta gaya wa kaina haka har na kusa yarda.

Kin ce ba kya gajiya da ba mutane labarin rabon da na bar miki. Ki daina. Ba kyauta ba ce, gudu na yi. Na kasa tsayawa a kan jingar nan, sai na bar ki a kanta na tafi ƙarshen ƙasa. Da kika rubuto a Maris na yi fatan hanyar kaɗai za ta ishe su. Sau biyu kina tambayata, sau biyu ina miki kwana-kwana. Ban taɓa kawo wa raina za ki koma ga kwamin Mama ba, ko da yake ni ya kamata in fara tunawa da shi.

A bayan takardar nan na zana jingar, na sa alama inda muka tsaga, na rubuta cikakken sunana na sa hannu. In kika kai wa Madam Kieffer, ba sai an jira injin baɗi ba. Za su rushe jingar, kuma ba na jin za a sake barin ruwa ya tsaya a wurin. In kika jefa ta a murhu, daga ni sai ke. Ba ni da bakin da zan ce miki ga abin yi. Abu ɗaya kawai nake roƙo, Maud ta ga likita, a gaya masa gaskiya.

Ban ce ki yafe min ba.

Yayanki,
Morand

Wolfersbrunn, 17 ga Satumba, 2012

Yaya,

Gaisuwa. Kwana biyu takardarka tana aljihun rigar girkina, sau nawa na tsaya da ita gaban murhu ban ƙirga ba. Rana ta uku na kai wa Madam Kieffer.

Za su zuƙe ruwan tafkin su zuba a tankoki. Kifin duka za a kwashe a ƙone, har ƙanana. Motar rusau za ta iso ranar ɗaya ga Oktoba.

Maud ta je asibiti, an ɗebi nononta, sakamako sai bayan mako uku. Da na gaya mata ta saurare ni har na gama. Ta ɗauki yarinyar daga cinyata ta shiga ɗaki ta rufe. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Da hannuna na riƙa zaɓar mata wurin kitsen, ina ce mata ci ki ƙara.

Madam Kieffer ta ce zane bai isa ba, tana son wanda ya zuba ya taka wurin ya nuna. Saboda haka za ka zo. Kada ka zo min da ban haƙuri, ba ni da inda zan ajiye shi. Za ka hau jingar nan da rana tsaka, a gaban Seppi da duk mutanen ƙauye, ka nuna da ƙafarka. Ni kuma zan tsaya a gefenka, don ba ni da wani yayan.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Leonie